Layar Sule da Bel ɗin Motarsa

Duk wanda ya taɓa sayen tabarma a kasuwar Bangi ya san Saude, ko da bai san sunanta ba. Ita ce doguwar matar nan da ke zama a gindin dogon yaro, wadda in ka yaba saƙarta sai ta janye tabarmar kusa da ƙafarta ta dube ka sama da ƙasa, don a ganinta mutum ba ya yabon abu banza. In ka taya da araha, ka raina ta. In ka taya da tsada kuma, to akwai abin da ka gani wanda ita ba ta gani ba. Allah ya yi ta da hannu mai kyau da ido mai kaifi, amma da aka zo rabon yarda da mutane, ina jin tana can bakin rijiya.

Ba daga sama ta samo halin ba. A Urno aka haife ta, a hannun kakarta ta tashi, kakar kuwa ta ga ƙarshen zamanin da manomi yake da rumbu biyu: na tsakar gida, wanda masu raƙuma daga arewa ke zuwa su ɗebi rabonsu, da na rami a bayan gari wanda ko 'ya'yan gida ba su san bakinsa ba. Tsohuwar takan ce mata abin da ido ya gani ya tashi daga naka. Zamanin ya wuce tun kafin a haifi Saude, amma ita ta riƙe karatun har da wanda ba a biya mata ba.

Mutum ɗaya ta yarda da shi a duniya, shi ma rabi, wato mijinta Sule. Sule ya ci ƙuruciyarsa a Abijan yana ci-rani, da ya dawo bai gina soro ba, bai ƙara aure ba, sai ya sayi wani tsohon kamiyo na ɗaukar kaya da ya girme shi a wahala. Mutanen Bangi suka sa wa motar suna Ta-Sule. Da ita yake kwaso albasa daga fadamun Tamaske da Keita ya kai Madawa da Galmi, ranar kasuwa kuma ya ɗauki gero da awaki da masu awakin. Kullum da safe, kafin ya tayar da ita, sai ya ɗaga kapo, wato murfin injin, ya yi bismillah, ya danna babban yatsansa a kan bel, wato baƙar igiyar robar nan da ke kewaye ƙafafun ƙarfe a gaban injin. Ita ke juya fanka da famfon ruwa da dinamo. In ta tsinke, ruwa ya tafasa, batir ya mutu, mota ta zama rumfa. Sule yakan ce nan ran mota yake. Shekara da shekaru Saude tana kallon wannan yatsa daga bakin zaure, tana saƙa.

Da Sule ya rasu bai bar ɗa namiji ba, sai 'ya ɗaya, Raihana. Motar ta koma hannun mijin Raihana, Alƙasim, wanda a wurin Sule ya koyi tuƙi da gyara tun kafin a yi zancen aure. Mutum ne mai sanyi, irin wanda in ka taka shi sai ya ba ka haƙuri. Tsakaninsa da Saude kuwa akwai kunyar surukai, irin ta mutanen da, wadda ba a sassauta ba ko kaɗan. Ba ta faɗin sunansa, sai ta ce mai gidan Raihana. Ba ya cin abinci inda take. In ya hango ta a lungu sai ya cire takalmi ya durƙusa, ya gaishe ta da kai a ƙasa, ita kuma ta amsa tana duban bango. Duk wata magana da ta wuce ina kwana, ta bakin Raihana take bi. Motar dai a ƙofar gidan Saude take kwana, inda Sule ya saba ajiye ta.

Lokacin albasa na farko bayan rasuwar Sule, bel ya tsinke a hawan duwatsun Buza, mota cike da kaya. Kafin a samo wani daga Madawa, rana ta dafa albasar sama. Kowane direba ya san dalili: bel ɗin ya tsufa, tun Sule na da rai ya fara tsagewa. Amma da labari ya iso wa Saude sai ta ajiye kabar da ke hannunta ta ce ruwa ba ya tsami banza. Shekarun da Sule ya yi bai taɓa kwana a hanya ba, yanzu ƙasa ba ta gama bushewa a kansa ba mota ta fara tsayawa? Akwai baki a ciki, ko ido, ko hannu.

Ranar Juma'a, da maza suka tafi masallaci unguwa ta yi tsit, ta ɗauko layar Sule daga ƙasan akwati, wata 'yar laya mai jar fata da yake ɗaurawa a damtse. Ta ɗaga kapo da ƙyar, ta tokare shi da taɓarya. Ba ta san komai a cikin injin ba sai wuri ɗaya, inda yatsan nan yake sauka. A nan, jikin wani ƙarfe da ke riƙe da dinamo, dab da bel, ta ɗaure layar. Ta san kaba za ta ƙone da zafi, don haka da waya ta ɗaure, ta murɗa bakin wayar da haƙori. Ba ta gaya wa kowa ba, har Raihana, don asiri in ya shiga baki ya karye.

Ba a daɗe ba sabon bel ya tsinke a hanyar Tamaske. Aka sa wani, shi ma bai yi nisa ba.

Nan fa Saude ta tashi tsaye. Ta aika Raihana ta ce daga yau duk bel ɗin da ya mutu a kawo mata gawarsa. Aka kawo har da na baya, ta zauna a inuwa ta jujjuya su a cinya. Injin ne ba ta sani ba, amma igiya sana'arta ce. Ta san yadda abu ke tsinkewa don tsufa, ya bushe ya tsattsage ko'ina, ta kuma san yadda yake tsinkewa in an ci shi. Na farko tsufa ne, ta yarda da wannan a ranta ko da ba ta faɗa ba. Amma sauran, duk gefe ɗaya aka ci, gefen waje, zaren ciki ya fito buzu-buzu kamar an bi shi da reza a hankali. Ta ji tsoro, ta kuma ji wani irin daɗi, irin na wanda ya daɗe yana cewa akwai ɓera a ɗaki yau ga kashinsa.

Juma'ar da ta biyo ta sake ɗaga kapo don ta ga ko layar na nan. Tana nan, amma ba inda ta sa ta ba. An kwance ta, an naɗe ta da wani tsumma mai tsabta, an ɗaure can gefe kusa da tankin ruwa, nesa da bel. Wato maƙiyin ya ga maganin, ya kawar da shi daga bakin aikinsa. Saude ta yi tsaki, ta yar da tsumman, ta mai da layar wurinta, ta ƙara waya. Bayan wani lokaci ta duba, an sake matsar da ita. Ta sake mayarwa, wannan karon ta yi mata ɗaurin da take yi wa bakin tabarma, wanda duk Bangi ba mai irinsa, ta bi shi da waya har ta yanke yatsa. Daga ranar ba a ƙara taɓa layar ba.

Da farko direbobin tasha ta zarga, masu jin haushin Ta-Sule na kwashe musu kaya. Ta zargi maƙwabcin da akuyarsa ke kwana ƙarƙashin motar. Har mai shayin bakin hanya ta sa wa ido, don ya taɓa tambayar ta lafiyar mota da fara'a fiye da kima. Amma duk inda ta kewaya sai ta dawo kan tambaya ɗaya: wa ke buɗe kapon nan? Amsar kuwa mutum ɗaya ce, mai durƙusawa a lungu da takalmi a hannu. Ta fara tuna cewa mai yawan ladabi shi ake tsoro.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Faruƙ, ɗan yayan Sule, yana da takardar tuƙi amma ba shi da abin tuƙawa sai babur na haya, kuma tun ranar sadakar uku yake ganin motar baffansa ta faɗa hannun bare. Ya fara zuwa gaisuwa da goro. Wata rana, lokacin da Alƙasim ya kai motar Madawa ya yi kwanaki wai ana gyara, Faruƙ ya zauna a bakin tabarma ya sassauta murya.

"Inna, ni ba ni son kai magana. Amma na gane shi da idona wurin wani mai injin niƙa bayan kasuwar Madawa, shina da bel a hannu, suna gwadawa suna raɗa. Mi ya haɗa direba da mai niƙa?"

"Kai mi ka tahi yi bayan kasuwa?" in ji Saude, don shi ma ba ta yarda da shi ba.

Ya yi dariya ya ce fasinja ya kai. Ta ce to, ta ci gaba da saƙa. Amma maganar ta riga ta zauna. A ranta ta gama ɗinka labarin: yana cin bel da reza ya ce ya mutu, sababbin da ake saya wa mota yana kai wa mai niƙa, ƙila ma injin nasu ne su biyu.

Motar ta dawo daga Madawa, kuma tun daga ranar bel bai ƙara tsinkewa ba. Ta hau duwatsun Buza ta sauka, ta je Keita ta dawo, lafiya lau. Wani zai ce alhamdulillahi. Saude kuwa cewa ta yi ga shaida ta cika. Ta fara tara gawarwaki, ta ƙara ɗauri, sai ɓarna ta tsaya cak? Ai ɓarawo ne ya ji motsi. Da bel ya ci gaba da tsinkewa da laifinsa ne, da ya daina ma laifinsa ne. Mai irin wannan lissafi ba a cin sa gardama.

Ta kira Raihana, wadda ke da goyo a lokacin, ta ce ta gaya wa mai gidanta ya aiko da makulli.

Raihana ba ta gaji sanyin mijinta ba, bakin uwarta ta ɗauko. Ta tsaya a tsakar gida ta ce, "Inna, mi yay yi miki? Ki hwaɗi abin da yay yi."

"Shi ya sani."

"Ba shi da gona sai 'yar wadda ba ta cika rumbu. In kin amshe motar ga, Libiya za shi, kin san haka. Samarin Tamaske da ke can sun daɗe suna kiran shi. Ki dubi ɗiyar ga da ke bayana, Inna."

"Na dube ta. Don ita nika yi."

Raihana ta fita tana kuka. Da la'asar makulli ya iso cikin ƙaramin kwano, an rufe da faifai kamar abincin baƙo. Ba saƙo, ba ko kalma ɗaya ta kare kai. Saude ta ɗauki shirun a matsayin amsa laifi. Bayan 'yan kwanaki aka ce Alƙasim ya bi motar Tawa da asuba, daga can zai kama ta Agadas.

Faruƙ ya zo da sabuwar hula yana miƙa hannu, amma Saude ta ce ya dakata. Kafin ta ba kowa motar sai wani na waje ya duba ya faɗa mata abin da aka cire daga cikinta, don kada gobe shi ma ya cire ya ce tun da can babu. Ta aika Madawa aka ɗauko mata Ɗantala, wani tsohon makanike da suka yi zamani da Sule, mai furfura a gemu da baƙin mai a farce.

Ɗantala ya iso da hantsi, ya sha fura, ya yi wa Sule addu'a, sannan ya ɗaga kapo. Saude na tsaye a gefe da tarin tsofaffin bel a ƙarƙashin hammata, Faruƙ na leƙe ta kafaɗarsa. Tsohon ya daɗe yana kallo. Ya sa hannu ya bi bel ɗin daga ƙasa zuwa fanka, daga fanka zuwa dinamo, sai hannunsa ya karkata ya bi wata hanya da bai yi tsammani ba. Ya ce ikon Allah.

"Mi anka sace?" in ji Saude.

"Sata? Uwar Raihana, ba a ɗauki komi ba. Ƙari anka yi. Matso ki gani."

Ya nuna mata da yatsa. A motar irin wannan, in ji shi, bel daga fanka kai tsaye yake zuwa dinamo, ba kwana. Amma a nan wani ya yi waldar guntun ƙarfe, ya ɗora masa wata 'yar ƙafa mai juyawa, irin ta injin niƙa, don ta ture bel ɗin waje ya yi gwiwa kafin ya isa dinamo. Tun da hanyar ta ƙara tsawo, bel ɗin mota ba zai kai ba, sai an nemo dogo wurin masu niƙa an gwada har a dace. Aikin kwanaki ne, kuma aiki ne mai kyau, sai dai shi bai taɓa ganin wanda ya wahalar da kansa haka ba.

"Duk don wanga abu," ya ce, ya taɓa layar da bakin sukundireba. Fatar ta yi baƙi da mai, amma ɗaurin na nan daram. "Dubi bakin wayar ga, ya yi ƙyalli. Shi ka cin bel. Mota na tahiya injin na rawa, wayar na gogar gehenshi har shi tsinke. Ba ni ɗaya daga cikin waɗanga." Ya zaro bel ɗaya daga hammatarta ya kara gefen da ya ci a bakin wayar. Suka dace kamar wuƙa da kube.

Faruƙ ya ce, "To wane mahaukaci yaɗ ɗaura laya nan?"

Ɗantala ya dubi ɗaurin, ya dubi tabarmar da ke shimfiɗe a zaure, ya mai da idonsa kan injin. Tsoho ne, ya san abin da ba a tambaya.

"Ni dai abin da na sani," in ji shi a hankali, "wanda yay yi aikin ga ya san laya ta ka ɓarna. Da ya sa wuƙa ya yanke ta, da an gama. Amma bai yanke ba. Kewaye ta yay yi, awa yadda hanya ka kewaye kabari."

Saude ta tuna tsumman nan mai tsabta da ta yar. Maƙiyi ba ya naɗe laya da tsumma. Alƙasim ya matsar da ita, ta mayar, ya sake matsarwa, ta sake mayarwa da ɗaurin da duk Bangi ta san na waye. Daga nan ya gane hannun da ke ɗaurawa, ya kuma gane layar wa ce, shi da ya yi shekaru yana ganin ta a damtsen Sule. Ta yaya zai aika wa surukarsa cewa maganinta ne cutar, layar mijinta da ya mutu ce ke cin motar? Ya gwammace ya karkatar da hanya. Da ta kore shi ma, ya gwammace ya tafi da bakinsa a rufe da ya kunyata ta a gaban 'yarta.

Ta zubar da bel ɗin a ƙasa ta nufi gidan Raihana, ba ta ko gyara mayafi ba.

"Ya taɓa hwaɗa miki wani abu kan motar?"

Raihana, da idonta a kumbure, ta ce sau ɗaya ya ce akwai abin Baba a cikin injin, kada a bar kowa ya taɓa. Ita ta ɗauka kayan aiki yake nufi.

"Kira shi."

Raihana ta danna wayar salularta ta kara a kunne, sai uwar ta karɓe daga hannunta. Abin da ba a taɓa yi ba. Daga can ana jin ƙugin babbar mota da iska. Murya ta ce, "Raihana?"

Shekarun auren nan duka Saude ba ta taɓa furta sunansa ba.

"Alƙasim," ta ce. "Ni ta."

Ya ce, "Inna, ina kwana," da irin muryar da yake yi in ya durƙusa a lungu.

"Na ga abin da kay yi. Ka dawo."

Ya ce sun wuce Abalak tun da safe, kuma ya yi wa mutane alkawari, suna jiran shi da aiki a can. In Allah ya yarda zai dawo bayan damina, ko wadda ke biye. Ya ce ta yi haƙuri. Shi ne ma ke ba ta haƙuri! Sannan ya ce a gaya wa duk wanda zai tuƙa kada ya ɗaure bel ɗin da ƙarfi sosai, 'yar ƙafar nan ba ta son matsi. Iska ta cinye sauran maganar.

Da ta dawo, Ɗantala ya ce in ta yarda zai cire layar, ya fasa waldar, ya mai da bel hanyarsa ta asali kafin azahar. Faruƙ ya ce haka ya kamata. Saude ta ɗauko wuƙar kabarta, ta yanke layar da hannunta, ta jefa ta cikin zani. Sannan ta zare abin da aka tokare kapo da shi, ya faɗi da ƙara.

"Wanda yak karkata ta shi ka miƙe ta," ta ce. Ta sallami Ɗantala da tabarma sabuwa, ta gaya wa Faruƙ hularsa ta yi kyau, ya gaida gida.

Albasa ta zo ta wuce, Ta-Sule na tsaye a ƙofar gida. Dillalan Tamaske sun aiko, masu son saye sun zo daga Galmi, duk ta kore su, ta kuma zarge su da haɗa baki. Tayoyin sun fara zama, akuyar maƙwabci ta haihu a ƙarƙashi. Damina ta sauka ta ɗauke, wayar Alƙasim wata rana ta shiga, wata rana ba ta shiga. Ɗiyar Raihana ta fara tafiya tana dafa tayar gaba, ba ta san fuskar ubanta ba.

Saude na nan a kasuwar Bangi, gindin dogon yaro, kuma har yau in ka yaba tabarmarta za ta janye ta. Sai dai yanzu ranar Juma'a, in maza sun tafi masallaci, takan ɗaga kapo ta tokare da taɓarya, ta goge ƙurar da ke kan 'yar ƙafar niƙan nan da bakin zaninta, ta danna babban yatsa a kan bel ta ji ko ya saki. In kuma motar Tawa ta tsaya a bakin hanya, takan ajiye kaba ta bi masu sauka da ido har na ƙarshe, sannan ta ɗauki kabarta.